Rasuwar Agwagwa, Jirgin Roba Mai Farfela Biyu

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya daɗe a cikinta har ya yi sanyi, iyalan Gordon Maltby na garin Louth a ƙasar Turawa, tare da ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage da ke zama kowace Talata a zauren coci, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Agwagwa, ƙaramin samfurin jirgin saman fasinja na roba mai farfela biyu. Ta cika ranar Asabar ta farko a watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, a falon gidan, bayan doguwar jinya da mutum ɗaya kaɗai ya san da ita. Ta rasu tana da shekara hamsin da bakwai. Hamsin da uku daga ciki a kwali ta yi su, huɗu a saman kabad.

Gidan da ta rayu a cikinsa ba na mutane da yawa ba ne. Gordon tsohon makanikin motocin bas ne da ya yi ritaya. Matarsa Beryl ta rasu shekara huɗu da rabi da suka wuce, ta bar shi da gida mai ɗumi da abinci a firji da komai a wurinsa, sai dai bai san abin da mutum ke yi tsakanin shayin safe da labaran yamma ba. 'Yarsa Lynne tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ranar Asabar ma tana fita, ba ta da inda za ta bar 'yarta. Ita kuwa yarinyar, Tilly, shekararta bakwai a lokacin, abin da ta rasa shi ne hannun da za ta yarda da shi. Kofi, faranti, tabaran mahaifiyarta, duk abin da ta ɗauka sai ya sami hanyar ƙasa. A makaranta an daina ba ta rabon kofunan fenti, ita ma ta daina tambaya.

An haifi marigayiya a wata masana'anta a kudancin ƙasar a shekarar 1968, gutsure arba'in da ɗaya, duk ruwan toka, a manne a jikin sanduna. Gordon ya saye ta a shagon mai jarida da niyyar haɗa ta a ƙarshen mako. A ƙarshen makon nan ya haɗu da Beryl a wajen rawa. Aka ɗaga aikin zuwa mako mai zuwa, daga nan zuwa bayan biki, daga nan zuwa lokacin da yarinya za ta girma. Kwalin ya hau saman silin, kuma kamar yadda aka saba a wannan sana'a, wasu suka bi shi, don babu mai haɗa jirage da ke sayen daidai abin da zai iya gamawa. Beryl takan ce kwalayen nan su ke tare musu sanyi, saboda haka ba ta ƙi su ba.

A hunturun farko bayan rasuwar Beryl, wata Asabar da ruwa ya hana fita kuma zancen kaka da jika ya ƙare tun ƙarfe goma, Gordon ya kafa tsani ya ce wa Tilly ta zaɓi ɗaya. Ba ta dubi hotunan ba. Ta riƙa ɗaukar kwalayen tana girgizawa a kunne, har ta kai ga wanda ya amsa mata da kacar-kacar, domin tsufa ya sa rabin gutsuren sun saki sandunansu. Ta ce wannan ta fi surutu, ita za a sauke. Wannan ce muryar marigayiya ta farko da aka sani.

Za a faɗi halinta yadda yake, don ba ta kasance mai son a yi mata kwalliya ba. Ta fito daga zamanin da ba a damu da daidaito ba. Ɓarin jikinta na dama ya fi na hagu tsawo da kaurin farce. Ƙusoshin da aka zana mata, da a jirgin gaske ne da kowace ta kai girman lemo. Matuƙinta ba shi da fuska, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran likita. Takardar bayaninta shafi ɗaya ce, hoto uku, da kibiyoyi masu nuna ko'ina. Tamburanta, irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa a manna, sun koma kalar shayi, sai da aka liƙa su a gilashin tagar kicin sati shida rana ta wanke su, kuma ranar hunturun Louth ba mai gaggawa ba ce. Duk da haka na jela ya tarwatse a ruwa gida tara. Tilly ta harhaɗa shi a jikin jirgin da bakin buroshi, harshe a waje, ta yi awa guda a kai.

A zauren Talata an daɗe ana gardama a kan ko tsofaffin kwalaye sun cancanci wahalar mutum. Vernon Coupland, abokin Gordon na shekara arba'in, wanda ba ya taɓa kwalin da ya wuce shekara biyar, ya ɗaga gangar jikinta a gaban fitila, ya ce wannan ai gidan sabulu ne aka sa wa fukafukai. Ya ce ratar da ke bayanta mutum zai iya tura wasiƙa ta ciki. Gordon ya ce na zamani da ke haɗa kansu tun a kwali ai na malalata ne da masu ciwon gwiwa. Vernon ya tuna masa cewa su duka biyun suna da ciwon gwiwa. Ba a raba gardamar a ranar ba, ba a kuma raba ta tun daga nan ba. Abin da ƙungiya za ta iya shaidawa shi ne robar ta karɓi gam, ta karɓi sanfefa, ta karɓi fenti fari da shuɗi, ba ta tsage ba. Asabar goma sha ɗaya aka yi ana aikinta, kuma a cikinsu babu wadda Gordon ya wuce ƙarfe bakwai a gado.

Sunanta ya samo asali ne daga Asabar ta huɗu. Kafin a rufe cikin jirgi da gam, akan ɗaure shi da salatif a tsayar da shi a kan tayoyinsa a ga yadda zai zauna. Marigayiya ta yi baya, ta dire jela a tebur, ta ɗaga hanci sama. Tilly ta ce kamar agwagwa mai shan ruwa. Gordon ya yi dariya, ta farko tun bayan jana'izar Beryl, har sai da ya cire tabarau. Ya yi mata bayani cewa duk jirgin da ke da taya a gaba haka yake, jelarsa ta fi nauyi, sai an sa masa wani abu a hanci. Ya ɗauko gwangwanin kayan fatsarsa, inda ƙananan ƙwayoyin dalma suke. Gam mai ƙarfi yana manne yatsu nan take, ba na yara ba ne. A kan teburin akwai farin gam na kafintoci, wanda ake wankewa da ruwa. Gordon ya ɗan tsaya da kwalbar farin gam ɗin a hannu kamar mai lissafi, sannan ya miƙa mata ita tare da hantsaki.

Ƙwaya goma sha tara Tilly ta sa a hancin, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar ƙararta, tik, a kan roba. Da ta gama ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗago.

"Kaka, ban yar da ko ɗaya ba."

"Na gani, Injiniya."

Daga ranar sunan ya bi ta, kamar yadda na jirgin ya bi jirgin.

Marigayiya ta yi zamanta a saman kabad ɗin falo, kusa da hoton Beryl, a tsaye a kan tayoyinta uku. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ɓatar da jakar fasinja ba, ba ta nemi mai ko filin sauka ba. Abin da take so a mako bai wuce a share mata ƙura da buroshi mai laushi ba. Ba ta ci gasa ba. A baje kolin shekara ta zo ta shida cikin bakwai, kuma ba a ga alamar abin ya dame ta ba. Farfelarta ta hagu tana juyawa in an hura, da 'yar ƙara fir-fir-fir, ta dama kuwa gam ya kama ta tun farko, ta zauna a haka. Kowace Asabar, kafin ta cire takalmi, Tilly takan sauke ta da hannu biyu, ta hura ta hagun, ta mayar da ita, sannan a dafa shayi a zauna aikin da ke kan tebur. Jirage tara suka haɗa a bayanta. Wasu sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma ita kaɗai ake gaisarwa.

Ciwon ya bayyana a bazarar bana. Wani siririn layi ya fito a ƙarƙashin hanci, daidai inda ɓari biyu suka haɗu. Bayan wata guda ya haura zuwa gilashin matuƙi, wani farin gari kamar gishiri ya fara leƙowa. Wata rana da hantsi, gidan shiru, Gordon ya ji ƙas daga wajen kabad, sau ɗaya. Ya san mene ne. Ya tashi, ya juya hancinta wajen bango, ya share garin da tsumma, ya wanke hannu. Bai gaya wa kowa ba. Kowace Asabar Tilly takan juyo da ita, kowace Lahadi ya sake mayar da fuskarta bango.

Ranar da abin ya faru, Tilly ta shigo da ruwan sama a gashinta, ta miƙa hannu biyu kamar kullum, ta sauke ta, ta cika baki da iska. Hancin ya buɗe a tafinta. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Gilashin matuƙi ya faɗo, tayar gaba ta bi shi, farin gari da ƙwayoyi masu kumburi suka zube a kan darduma. Abin da ya rage a hannunta ya yi baya, jela ƙasa.

Gordon ya duba. Ya karɓe ta daga hannun yarinyar, ya sa a kwalin takalmi, ya rufe. Ya ce ta je ta wanke hannu da sabulu sau biyu. Ya share darduma, ya kunna butar lantarki, ya tsaya yana kallon butar har ta tafasa ta kashe kanta. Bai ji fushi ba. Bai ji komai ba, in ban da lissafi ɗaya da ke ta zagaya kansa: shekara huɗu ke nan. Tilly ta zauna a kujera, hannuwanta a ƙarƙashin cinya, har mahaifiyarta ta zo. Ba su yi magana ba.

Asabar ta zagayo, Lynne ta bugo ta ce yarinyar cikinta na ciwo, za ta zauna wajen maƙwabciya. Ta biyu ma haka. A ta uku Lynne ta ce, "Baba, ba cikinta ba ne. Jiya ta ƙi ɗauko mini ƙwai daga firji. Me ka ce mata?" Ya ce bai ce mata komai ba. Ta ce ai matsalar ke nan.

An yi binciken gawa a zauren Talata, a kan jarida, a gaban mutum takwas. Vernon ya sa gilashinsa mai ƙara girma, ya tona hancin da tsinke, ya ɓamɓaro wani busasshen farin abu, ya ɗaga shi sama. Kowa a wurin ya san labarin. Farin gam yana da ɗan tsami, tsamin yana cin dalma a hankali, dalmar ta yi farar tsatsa ta kumbura, har ta fasa abin da aka rufe ta a ciki.

"Farin gam da dalma?" in ji Vernon. "Kai, tsoho? Kai da ka tsayar da mu a ɗakin nan ka yi mana wa'azi a kan wannan har shayi ya huce?"

"Ni ne."

"Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Yana ɗaukar shekara huɗu ko biyar." Gordon ya gyara kwalin takalmin a kan tebur. "Ban ɗauka zan kai ba."

Wani ya tashi ya zagaya da butar shayi, ya cika har kofunan da ba a sha ba. Vernon ya cire gilashin, ya goge shi a riga, ya daɗe yana gogewa.

"To, ga shi ka kai," ya ce. "Injiniyar ta sani?"

Gordon ya ce bai san ta inda zai fara ba. Ya ce shekara saba'in da bakwai, bai taɓa iya irin wannan maganar baki da baki ba, Beryl ce mai yi. Vernon ya ce in baki ya gagara a rubuta, ai ƙungiya tana da takardar wata-wata kuma ba ta taɓa cika shafi biyu ba. Dalilin wannan sanarwa ke nan.

Saboda haka ana sanar da duk wanda abin ya shafa cewa Agwagwa ba faɗuwa ta yi ba, ba a matse ta ba, ba a kuma yi mata riƙon sakaci ba. Tsufa ma ba shi ya kashe ta ba: robar shekara hamsin da bakwai ta riƙe har iyakar ƙarfinta, kuma Vernon Coupland ya amince a rubuta hakan, da sharaɗin a ƙara cewa har yanzu gidan sabulu ce. Ciwon yana cikinta tun Asabar ta huɗu, kuma wanda ya zaɓi kwalbar ya san abin da ya zaɓa. Da ba a taɓa ta a ranar ba, da ta buɗe ita kaɗai a saman kabad kafin Kirsimeti, fuskarta a bango. Ta cika ne a hannuwan da suka fi kowane hannu iya riƙe ta, waɗanda suka sauke ta kusan sau ɗari biyu ba su taɓa kuskure ba.

Ta rasu ta bar matuƙi ɗaya, wanda ya fita ba rauni, har yanzu hannuwansa a gwiwa. Ta bar farfela biyu, ɗaya mai juyawa, da tayoyin baya, da ƙanne tara a kan tebur da bakin taga, waɗanda aka duba su duka aka tarar ba su da wannan ciwo, don masu tayar jela ne, hancinsu babu komai. Ta bar 'yan'uwa ɗari biyu da goma sha uku a saman silin, ba a buɗe su ba. Tayar gaba ta shiga darduma tun ranar, ba a sake ganinta ba, kamar sauran ƙananan gutsuren da suka riga ta ɓacewa a ciki. Ta bar tsoho ɗaya da Injiniya ɗaya.

Kafin a kai wannan takarda wajen bugawa, Gordon ya sa kwat ɗinsa ya je gidan Lynne da ita ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta. Ya zauna a teburin kicin ya karanta ta tun daga sama, da murya ɗaya, kamar mai karanta jadawalin bas. Tilly tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi dariya a wajen gidan sabulu ba. Da ya kai ƙarshe ya ninke takardar, ya ciro wata 'yar jaka daga aljihu, ya zazzage a tebur. Ƙananan notuna ne na ƙarfe, irin waɗanda ba sa tsatsa, ya tsinto su daga tsohon akwatin aikinsa. Ya ce akwai wata a saman silin mai farfela huɗu, ita ma mai taya a gaba, ita ma za ta zauna a jela. Ya ce wannan karon notuna za a sa, da gam mai ƙarfi, kuma tunda ta kai sha ɗaya ita za ta riƙe kwalbar, don nasa hannun ya fara rawa.

Ta matso. Ta ɗauki noti ɗaya ta juya shi.

"Wannan shekara nawa yake yi?"

"Talatin. Ko fiye."

"Mai farfela huɗun Asabar nawa ce?"

"Ashirin, in an yi sauri. Ba za mu yi sauri ba."

Ta mayar da notin cikin jaka, ta tattara sauran ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure bakin jakar, ta sa a aljihunta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a gidan Gordon Maltby. Wasu dattawan ƙungiya sun kawo shawarar a yi mata irin sallamar da suke yi wa jiragensu suna yara, wato a cinna wuta a jela a wurga ta tagar bene. Lynne ta ce a'a, kuma ba a sake tayar da maganar ba. An riga an kai dalmar inda hukuma ke karɓar irinta. Za a cire farfelu da tayoyi a zuba su a gwangwanin kayan gyara na ƙungiya, domin wasu su amfana. Matuƙin zai koma mai farfela huɗu. Abin da ya rage za a naɗe shi a takardar bayaninta, a mayar da shi kwalin da ta zo a ciki, a hau da shi saman silin. Vernon zai riƙe tsani. Injiniya ce za ta hau da kwalin, ita ce kuma za ta sauko da na gaba. Za a sha shayi da burodin zabibi da cuku. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake da notuna masu kyau ya zo da su.

An tambayi Tilly ko akwai abin da take so a ƙara a sanarwar. Ta ce babu. Ta gane cewa ba ita ta fasa jirgin ba, ta kuma gane cewa wannan karon kakanta yana shirin ganin abin da suka haɗa ya tsufa.